Adarbisinat: inda tsohuwar kat-kat ba ta san hutu ba

Matafiyin da ya tashi daga Damagaram ya fuskanci arewa, a kan hanyar da take kaiwa Agadas, gonaki ne ke yi masa rakiya har wani zango mai nisa. Yana wuce matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, ya ratsa ƙasar Damargu da rumbunanta na gero, ya iso Tanut. Daga nan sai gonakin su fara ja da baya, rumbuna su yi ƙaranci, garake su yawaita. Kafin a jima ba abin da ya saura sai fili fetal, da ciyawa gajeruwa, da itatuwan kandili da aduwa jefi-jefi, da raƙuma waɗanda ba sa ko ɗaga kai su dubi mota. Wannan ita ce ƙasar Tadaras, kuma a tsakiyarta garin Adarbisinat yake, kimanin kilomita 160 kudu da Agadas.

Garin ba babba ba ne. Ya miƙe ne a gefen hanya, kamar yawancin garuruwan da rijiya ta haifa, hanya ta raina. Tun zamanin da ayarin gishirin Bilma da Fashi ke gangarowa daga Abzin zuwa Damargu da Kano, wannan yanki mashigi ne tsakanin duwatsun arewa da ƙasar noma, kuma duk mai ratsa shi lissafinsa ɗaya ne, wato kwana nawa tsakanin wannan ruwa da na gaba. A shekarar 2011 aka cire Adarbisinat daga ƙarƙashin Cirozerin aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, ƙidayar 2012 kuwa ta samu mutum dubu 35 da ƴan kai a cikinta. Amma kada mai karatu ya zaci a gari suke. Mafi yawansu makiyaya ne, Abzinawa da Fulani Wodaɓe da Larabawa, warwatse a rugage da mashekarai da bakin rijiyoyi, wasu tafiyar yini guda a mota daga kwalta. Hausawa sun fi yawa a kasuwa da shaguna.

Kwalta ɗaya ce tak ta ratsa gundumar, wani yanki na babbar hanyar nan da aka tsara ta haɗa Aljer da Legas. Ita ma ɗin ta sha lalacewa har ta kai direbobi suna sauka daga kanta su bi gefe, don rairayi ya fi ramukanta sauƙi. A 2021 ne Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyaran sashen Tanut zuwa Tigidit. To, ko da an shafe ta sumul kamar faranti, ba ta zuwa rugar kowa. Mai naƙudar da haihuwa ta gardama mata, da yaron da maciji ya sara, da ma'aikacin allurar rigakafi, da buhunan dusa a ƙarshen bazara lokacin da dabbobi ke faɗuwa, dukansu abu ɗaya suke jira: mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda kowa a nan ke kira kat-kat. Kuma da wuya ta zama sabuwa. Sababbi na gwamnati ne da ƙungiyoyin agaji. Ta talaka, wadda ke kai mutane kasuwa ta komo da su da awakinsu, sau da yawa ta girmi direbanta.

Dattawan direbobi sun fara aiki ne da Land Rover, motar Ingila da aka fara ƙerawa a 1948. Jikinta na sanholo ne, ba ya tsatsa, kuma ba ta da nauyi, amma ta yi suna wajen karya sandar da ke juya ƙafar baya, ga ɗigar mai ba dare ba rana. Cikin shekarun 1980 Toyota Land Cruiser ta ƙwace mata fage, ba a Abzin kaɗai ba, a Sahara baki ɗaya. Duniya ta shaida haka a 1987, lokacin da sojojin Cadi a kan ƙananan motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka laƙaba wa yaƙin sunan motar. Samfurin da ake kira 60 ya fito a 1980, na 70 kuma a 1984, kuma shi wannan na biyun, mai buɗaɗɗen baya ko mai dogon jiki, shi ne jakin dajin Tadaras har yau. A 1990 aka saka masa injin gazuwal mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2. Ba shi da gudu, ba shi da ƙarfin a zo a gani, amma ba ruwansa da kwamfuta. Famfonsa na ƙarfe ne zalla, makaniken da ke da sifana da kunne mai kyau yana iya gane ciwonsa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a wannan fanni ba su yi ƙarya ba.

Akwai masu fifita injin fetur, musamman masu dogon zango zuwa Dirku da Jado da iyakar Libiya, domin ya fi saurin hawan tudun rairayi, kuma shekaru da dama man da ke shigowa ta bayan fage daga Najeriya da Aljeriya da Libiya ya fi na gidan mai araha. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayu na 2023 ya sauya wannan lissafi ta ɓangaren kudu. Mai jigilar kasuwannin ƙauye dai ya fi son gazuwal, don ba ya sha da yawa, kuma ba ya kama wuta da sauri.

Abokin gaba na farko shi ne ƙura. Mutumin birni yana ganin ƙura ƙazanta ce kawai, a goge ta wuce. Ga inji kuwa guba ce. Injin lita huɗu yana zuƙar iska lita dubbai a cikin minti ɗaya, kuma idan rairayi mai laushi ya bi iskar nan ya shiga silinda, sai ya gauraya da mai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin zobban fistin a hankali. Alamar ba ta fitowa nan take. Bayan wata biyu ko uku ne mota za ta fara shan baƙin mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, ta ƙi tashi da asuba lokacin hunturu. Shi ya sa direban kirki, ko ya gaji kamar me, ba ya kwanciya sai ya cire matatar iska ya kakkaɓe ta, ya haska fitila ta cikinta ya ga ko ta huje. Wanda ke busa ta da iska mai ƙarfi daga waje zuwa ciki ɓarna yake yi, yana cusa ƙurar cikin takarda ne. Daga ciki zuwa waje ake busawa, kuma a hankali. Gyara mafi amfani da ake yi wa tsohuwar kat-kat a wannan ƙasa shi ne a ɗaga mata hanci, wato a ja bututun shan iska ya hau gefen gilashin gaba har saman rufi, inda ƙurar da tayoyi ke tayarwa ba ta da kauri. A wasu ƙasashe don ƙetare kogi ake yin wannan. A Tadaras saboda ƙura ne.

Na biyu shi ne man da ake zuba mata. Nesa da gidan mai, a tano da bido da kwalba ake sayen sa, kuma Allah kaɗai ya san abin da ya kwanta a gindin tanon. Ruwa kaɗan cikin gazuwal ya isa ya lalata famfo da allurai, waɗanda gyaransu sai an kai Agadas ko Damagaram, wani lokaci har Kano. Tsofaffin direbobi suna shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari kafin a zuba, ba sa yarda da ɗigon ƙarshe na tano, kuma suna ƙara matata ta biyu mai kofin gilashi a ƙasa, inda ruwa ke taruwa a gan shi da ido a zubar. Baƙin mai kuwa a kilomita 5,000 ake juye shi, ko ƙasa da haka idan an sha rairayi. Akwai kuma bel ɗin da ke daidaita tafiyar injin 1HZ, wanda aka ce a sauya duk kilomita 100,000. Matsalar ita ce agogon kilomita na yawancin motocin nan ya mutu tun zamanin da, don haka sai a koma lissafi da damina: an saka shi damina uku da suka wuce, ko huɗu? Ranar da ya tsinke a guje, kan injin ne ke tafiya.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 45 a inuwa, mota mai kaya a cikin rairayi, a ƙaramar giya, tana aiki iya ƙarfinta alhali iskar da ke ratsa lagireto ba ta taka kara ta karya ba. A nan ne ake gane wanda ya kula da motarsa. Ruwan rijiyoyi da yawa na arewa yana da gishiri ko kanwa, kuma idan aka daɗe ana zuba shi, sai ya daskare a cikin ƙananan bututun lagireto ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Daga waje kuma, bayan damina, ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa suna cika ramukansa kamar an liƙa tabarma. Maganin na waje raga ce ta ƙarfe a gaba, a riƙa share ta duk zango. Na ciki kuwa sai an kwance an wanke, a kuma tanadi ruwan sama ko na famfo mai daɗi domin mota kaɗai. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a garejojin ƙasar nan, ta cire ƴar na'urar nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a jefar, wai ita ke kawo zafi. Wannan rashin fahimta ne. Lagireton da ya toshe yana nan a toshe, abin da aka ƙara kawai shi ne injin zai yi ta aiki da sanyi a safiyar hunturu, yana cin kansa.

Ita ciyawar nan tana da wani haɗarin da ya fi wannan. Tana taruwa a ƙarƙashin mota, tsakanin shasi da salansa mai zafi, ta bushe, ta kama wuta. Mota ta ƙone asara ce ta mutum ɗaya. Amma wutar daji a Tadaras cikin watan Oktoba ko Nuwamba tana iya cinye kiwon da dubban dabbobi za su rayu a kansa har damina ta gaba, kuma makiyayan da suka yi asarar ba su san ma wanda ya wuce ba. Direban da ya tsaya ya sa sanda ya zaƙulo ciyawa daga ƙarƙashin motarsa yana kare dukiyar mutanen da bai taɓa gani ba.

Batun taya shi ne inda ilimin daji ya fi bayyana, kuma a nan ne baƙo ke shan kunya. Baƙo yana ganin rairayi sai ya ƙara wuta, tayoyi su yi ta haƙa har cikin mota ya zauna a ƙasa. Ɗan gari kuwa tun kafin ya shiga yake tsayawa, ya sauko, ya sa tsinke a bakin bawul ya rage iska. Tayar da ke ɗauke da kilo uku ko fiye a kan kwalta, a rairayi mai laushi ana sauke ta zuwa kilo ɗaya da rabi, har zuwa ɗaya idan abin ya yi tsanani. Hikimar ita ce tafin da take takawa da shi yana ƙara tsawo, nauyin ya bazu, sai ta riƙa tafiya a bisa rairayin kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke yi. Sai dai da an fito ƙasa mai tauri dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe, ko dutse ya tsaga gefenta. Ke nan famfon iska ba kayan ado ba ne. Tsohuwar taya mai lamba 7.50-16, siririya, mai tif a ciki, a kan ƙarfen da ake iya rabawa biyu, ita ce har yanzu masu daji suka fi aminta da ita, domin mutum biyu da ƙarafa biyu da faci suna iya gyara ta a gindin itace. Kuma za su gyara, domin ƙayar aduwa da ta kandili ba sa ragawa kowa. Wanda ya fita da safaya ɗaya bai shirya ba. Shi kansa ƙarfen mai rabuwa biyu yana da mugun hali: idan zoben bai zauna daidai ba aka cika iska, yana iya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum, don haka mai faci mai hankali yana juya fuskar zoben ƙasa kafin ya busa.

Idan duk da haka mota ta kafe, sai shebur da tol, wato faifan ƙarfen nan masu huji waɗanda asalinsu sojojin Amurka ne suka riƙa shimfiɗawa a matsayin filin jirgin sama a yaƙin duniya na biyu. A haƙe gaban tayoyi huɗu, a cusa tol, a saka ƙaramar giya, a tashi a hankali, fasinjoji su tura, sa'an nan karen mota ya kwaso tol ɗin da gudu. Wani lokaci sau goma a kilomita ɗaya. Da damina kuwa, a filayen laka na Irazer da ke bayan gangaren Tigidit, inda makiyaya ke bi zuwa bikin gishiri na Ingal a watan Satumba, labarin ya sha bamban: taɓo ba ya jin rage iska, kuma motar da ta nutse a cikinsa tana iya kwana uku tana jiran ƙasa ta sha iska.

Gargada kuma aikinta a ɓoye take yi. Hanyar burji da manyan motoci suka daddaka tana yin ƙunya-ƙunya a jere kamar kwanon rufi. Wanda ya bi ta a hankali, haƙoransa za su kaɗa. Wanda ya kai gudun kilomita 70 zuwa 80, tayoyin suna tsallake ƙunyoyin, jijjigar ta ragu, amma sitiyari da birki ba su da cikakken iko, kuma kwana ɗaya ta ba-zata ta isa ta kifar da mota. Ko ta wace hanya aka bi, noti yana kwancewa, batir yana tsalle a mazauninsa, bututun birki yana gogar shasi har ya huje. Shi ya sa aikin farko na karen mota da asuba shi ne ya shiga ƙarƙashi da sifana ya bi notuna ɗaya-ɗaya, musamman waɗanda suka ɗaure lam da gatari, ya duba ko giris na tsiyaya daga gwiwar ƙafafun gaba, ya ɗura sabo inda ya kamata.

Lam ɗin nan, wato faifan ƙarfen da aka jera bisa juna suna ɗauke da nauyin mota, su ne aka fi yi wa ƙari. Kamfanin ya ƙera motar don ta ɗauki kimanin tan guda. A ranar kasuwa ana ɗora mata buhunan gero, da tano biyu, da tumaki a ɗaure, da mutum ashirin a bisa kaya ƙafafu na reto. Don haka sai a je wurin mai walda a ƙara lam biyu ko uku a kowane gefe na baya. Motar takan daina durƙusawa, gaskiya ne. Amma nauyin bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Abin da lam ya ƙi lanƙwasawa ya shanye, shasi ne zai sha shi, kuma a can yake tsagewa, daidai bayan ɗakin direba. Sai a sake komawa wurin mai walda a yi masa ɗauri da ƙarfe. Birkin kuwa yana nan yadda aka ƙera shi domin tan guda, kuma ba a cika jin wanda ya ce zai ƙara masa ƙarfi ba. Haka nan ragar kaya ta saman rufi: duk abin da aka ɗora can yana ƙara wa mota saurin kifewa a gefen tudu, saboda haka mai da ruwa a ƙasa ya kamata su zauna, tabarmi da barguna a sama.

Tanki na biyu yana cikin ƙarin da ba a jayayya a kansa. Motar da ke shan lita 13 ko 14 a kilomita ɗari bisa kwalta tana iya shan 20 zuwa 25 a rairayi, kuma tano mai lita 200 ya kusa kilo 170 ban da nauyin ƙarfensa, yana kuma gungurawa idan igiya ta saki. Batir na biyu shi ma haka, domin ba a tura mota a rairayi ta tashi. Masu saka wa tsohon 1HZ turbo don neman gudu kuwa, sau da yawa fistin ne ke biyan bashin. Na'urar GPS da wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya, wadda ta fara aiki a 2001, sun sauya tafiyar daji ƙwarai, amma ba su kori salkar ruwa da ake ratayawa a gefen mota iska na sanyaya ta ba, ba su kuma kori ɗan jagora wanda ya san rijiyar da ta ƙafe bana ba.

Duk wannan ɗawainiya kayan gyara take ci, su kuwa daga nesa suke zuwa, kuma siyasar duniya tana taɓa su. Karyewar darajar sefa ta watan Janairun 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin kowane noti a dare ɗaya, kuma tun daga lokacin kayan gwanjo suka zama abin dogaro. Ana samo su daga garejojin Agadas da Damagaram, da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da Dubai, da tashar jiragen ruwan Kwatano, kafin rufe iyakar Benin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya karkatar da kaya ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Babbar annoba ita ce jabu. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, kuɗi rabi. Matatar mai ta jabu ba ta tace komai, bel na jabu ba ya kai rabin kwanansa. Araha ba ta ado, kuma makanikai da yawa sun fi yarda da tsohon ƙarfe na asali da aka kwance daga matacciyar mota bisa sabon da ba a san uwarsa ba.

Ba don son ƙarfe ake wannan dogon bayani ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. A 2017 wasu 44 sun mutu haka nan tsakanin Agadas da Dirku. Tadaras ba ta kai Tenere tsanani ba, akwai rijiyoyi da rugage, amma a tsakiyar bazara kilomita talatin a ƙasa ba tare da ruwa ba sun isa. Ƙa'idar da masu daji suka gada ita ce kada a bar mota a kama tafiya da rana, a shiga inuwarta, a rage motsi, a raba ruwa da ma'auni, idan an ga alamar mutane a nesa a ƙona tsohuwar taya domin baƙin hayaƙinta. Kuma kafin a tashi a gaya wa wani hanyar da za a bi da ranar da za a iso.

Motocin nan sun ga zamani iri-iri. Sun ga shekarun yawon buɗe ido, lokacin da tseren Paris-Dakar, wanda ya fara a ƙarshen 1978, ke yada zango a Agadas, kamfanoni irin na Mano Dayak suna kai Turawa Tenere, matasan Abzin da yawa kuma suka koyi tuƙi da kanikanci a wannan makaranta. Sun kai masana ƙasusuwan da zuwa Gadufawa, can gabas cikin hamada, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono a 1965, Ba'amurke Paul Sereno kuma ya biyo baya a 1997 da 2000, aka fito da dabbobin da suka rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, har da wani ƙaton kada. Sun ga tawayen 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na 2007 zuwa 2009, lokacin da ba a bin hanyoyin arewa sai cikin ayari da rakiyar soja, kat-kat mai kyau kuma ta zama abin farauta. Tun daga wancan zamani ne wasu masu mota suka koyi barin jiki a lotse, fenti a koɗe, su zuba kuɗinsu a inda ido ba ya gani. Zinariyar Jado da Cibarkaten ta 2014 ta tsauwala farashin kowace mota mai ƙafa huɗu, har waɗanda aka jingine aka tayar. Dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure kuma ta sa an kama motoci fiye da ɗari an jibge a barikin soja na Agadas, rana na dukansu shekara da shekaru, kafin a soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Motar da ta yi shekara bakwai a tsaye, tayoyinta sun tsattsage, robobinta sun bushe, ta fi wadda ta yi shekara bakwai tana aiki lalacewa.

Yau babura ƴan Sin da Indiya sun karɓe wani kaso na aikin. Makiyayi yana sayar da raƙumi ɗaya ya sayi babur, ya je kasuwa ya komo a yini guda. Amma babur ba ya ɗaukar mai naƙuda a kwance, ba ya ɗaukar buhu goma. Sababbin kat-kat kuwa, masu kwamfuta a ciki, idan fitila ta kunna a gaban direba a tsakiyar Tadaras, ba abin da sifana za ta iya, sai an jawo su zuwa inda na'urar bincike take. Saboda haka tsofaffin suna nan ana ta yi musu ɗauri, inji na wannan, giya ta waccan, ƙofa ta wata ta uku mai launi dabam.

Ranar da ɗaya ta ƙare ƙarewar da ba ta tashi, ba a barin ta ta ruɓe. Injin da akwatin giya su ne ke fara tafiya, su shiga cikin wata. Gatarin baya da tayoyinsa yana komawa amalanken jaki mai ɗebo ruwa. Maƙeran Abzinawa suna sayen lam, don ƙarfensa yana da kyau wajen ƙera wuƙa da takobi da ruwan gatari. Tif yana zama gugan rijiya, ko a yayyanka shi igiyar ɗaure kaya, tayar kuma a yanka takalma. Tankin mai ana tsaga shi biyu a wanke, a ajiye a bakin rijiya awaki su sha ruwa a ciki.